Wutar da Ta Ƙi Ruwa

"To in ba mutum ya jefa ta ba, daga sama ta faɗo?" in ji mai gari.

"Ban ce ba mutum ba ne, ranka shi daɗe," Labo ya amsa ba tare da ya ɗago kai ba. "Cewa na yi ban ga sawunsa ba tukuna."

Suna tsaye ne a inda jiya maƙerar Mudi mai zubin tukwanen dalma take, a gefen kasuwar Gazawa. Yau babu komai sai ginshiƙai huɗu baƙi ƙirin da kwanon rufi da ya lanƙwashe. Jiya da azahar, rana tsaka, wata farar wuta ta tashi daga kaskon narka, haskenta ya disashe ranar kanta. Da aka watsa mata ruwa sai ta yi ƙara kamar bindiga, ta fantsama a fuskar Mudi. Yanzu yana kwance a ɗakin likita, idanunsa a naɗe.

Labo ya yi shekara arba'in yana bin sawu. Ya bi na ɓarayin shanu har bakin garin Gidan Sori, ya bi na raƙumin da ya ɓace kwana tara. Amma a wannan shekarar ta 1992, tun da aka watse daga babban taron ƙasa aka ce kowa ya kafa jam'iyyarsa, aikin ya fita ransa. Da can mutane kan kira shi don su san wanda ya yi laifi. Yanzu sai sun gama yanke hukunci suke kiransa, don ya sa musu hannu.

"Gari ya ce Chindo ne," mai gari ya rage murya. "Shekaranjiya wurin taron siyasa kowa ya ji shi yana ce ma Mudi, ku da jam'iyyarku sai kun ga wuta. Ga shi sana'arsu ɗaya. Ga shi an ga sawunsa bayan maƙera. Samari sun ce baƙo ne, a tsallakar da shi iyaka, a rushe gidan."

"Baƙo? Ni na raka ubansa makabarta a garin ga."

"Ka sani, na sani. Amma ba ni iya riƙe su fiye da la'asar ta gobe, Labo. Sarautar yanzu lallashi ce."

Labo ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya shafi tokar da ke bakin kaskon. Fara ce fat, mai laushi kamar garin alkama, ba irin tokar gawayi ba. A kanta kuma an zuba yashi fari, mai yawa. Ya ɗebi tokar kaɗan ya ƙulle a bakin rawaninsa.

*

Sawun Chindo bai yi wuyar gani ba: takalmin taya, dugadugin dama ya cinye. Labo ya bi shi daga lungun masu kifi zuwa bayan maƙera, ya daɗe yana kallon inda ya tsaya, sannan ya nufi gidansa.

Ya tarar da ƙofar kwano ta lotsa da jifa. Chindo na zaune a zaure, ƙaton mutum, amma ya tattare wuri ɗaya kamar wankin da aka matse.

"Baba Labo, kai ma ka zo ka ga baƙo?"

"Na zo in tambaye ka mi ka tsaya yi bayan maƙerar Mudi jiya da safe. Ka tsaya, ka juya, ka dawo, ka sake juyawa. Har ka tona rami da ɗan yatsan ƙafa. Ko mai zuwa zance bai yi wanga jeka-ka-dawo."

Chindo ya yi wata dariya marar daɗi. "Saliha ce, matata. Ta hana ni barci, wai in tafi in ba shi haƙuri kan maganar da na yaɓa mishi. Tare muka koyi sana'a da Mudi, Baba. To in na bi ta gaba ƴan jam'iyyarmu su ce na sayar da su. Na bi ta baya. Na ji muryarsa ciki yana ma yayansa Jibo faɗa kan buhun ƙarfe, sai kunya ta kama ni, na koma gida."

"Ba ka shiga ba?"

"Wallahi ban shiga ba."

Labo bai buƙaci rantsuwar ba. Wanda ya jefa wuta yakan bar sawu mai faɗi, yatsu a nutse, ƙasa a warwatse. Chindo ya tafi ne da ƙananan taku, irin na wanda maganar da ya zo da ita ta maƙale masa a wuya. Sai dai taro ba ya karanta ƙasa, kuma Labo ya san in ya tsaya gabansu da wannan kaɗai, dariya za su yi masa.

*

A ɗakin likita Mudi na barci, an lulluɓe rabin fuskarsa da farin ƙyalle. Matarsa Batulu na zaune a tabarma tana kore masa ƙuda. Da ta ga Labo sai ta ja mayafi ta rufe baki.

"Ɗiyata, ke kika fara isa?"

"Tuwo na kai mishi, Baba. Ina shiga na ga kaskon ya yi fari, ba a iya dubansa. Shi kuma yana tsaye ya ɗaga hannu ya kare ido. Ga tulu nan bakin ƙofa. Mi zan yi? Wa bai san ruwa ke kashe wuta ba?" Ta daina korar ƙudan. "Ina watsawa ta tashi kamar an zuba mata fetur."

"Sai kuma?"

"Sai Yaya Jibo ya faɗo yana ihu, ku bar ruwa, ku bar ruwa. Da daro a kansa cike da yashi. Ya juye, ya fita, ya dawo da wani. Shi ya kashe ta, Allah shi saka mishi. Ba don shi ba da rabin kasuwa ta tafi."

Jibo na zaune a waje ƙarƙashin bishiyar bedi, hannayensa biyu da ciwon ƙuna, mutane na wucewa suna yi masa barka. Ya shekara ashirin yana aikin gareji a Maraɗi, inda inji ya faɗo masa a ƙafar hagu, ta warke a karkace. Da garejin ya rufe ya dawo gida, ya tarar ubansu ya bar wa ƙanensa Mudi maƙera da duk uwayen tukwanen da ake zubi a kansu. Tun daga nan shi ke tsinto tsofaffin ƙarafa, shi ke murza keken zugazugi.

"Sannu da ƙoƙari, Jibo."

"Yauwa Baba." Bai dubi Labo ba. "Ka ji wai mushe Hafizu na da irin wutar ga cikin gwangwani? Yara sun ce ya taɓa nuna musu."

*

Mushe Hafizu malamin kimiyya ne a kwalejin garin Agye, amma wata uku ke nan lakol ɗin, wato makarantar, a rufe saboda yajin aiki, yana gida yana kiwon zabi. Da Labo ya kwance bakin rawani ya nuna masa farar tokar, sai idanunsa suka yi haske kamar wanda ya ga ɗan garinsu a ƙasar nesa.

"Baba, ka san wata nawa ban samu wanda ya tambaye ni komai ba? Zauna."

Ya ɗauko wani ɗan gwangwani, ya zaro siririn zaren ƙarfe mai launin toka, bai kai tsawon yatsa ba. Ya riƙe shi da awartaki a kan fitilar aci-bal-bal.

"Kada ka dube shi kai tsaye. Dubi bango."

Labo ya dubi bango. Nan take ɗakin ya cika da wani haske fari, inuwarsa ta fito baƙa wuluk a jikin ginin, har tsagar bangon ya gani ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya ja numfashi biyu abin ya mutu. A bakin awartakin sai farar toka, tagwaye da wadda ke rawaninsa.

"Manyeziyom sunansa," in ji mushe. "Ƙarfe ne kamar dalmar da kuke zubi da ita, kamanninsu ɗaya, sai dai ya fi ta rashin nauyi. Dalma in ta ji wuta narkewa take ta kwanta. Shi wannan in zafi ya kai mishi, sai ya kama cin iska. Abin da muke shaƙa mu rayu, shi yake fizgowa ya haɗe da shi, wannan haɗuwar ce hasken da ka gani. Har tokar ta fi ƙarfen nauyi, don iskar da ya ci tana ciki."

"To ruwa fa?"

"Ruwa abincinsa ne, Baba. Abin da yake nema cikin iska akwai shi cikin ruwa. Sai ya farke ruwan ya ɗauki rabonsa, sauran ya fita a matsayin iska mai kamawa da wuta. Ita ce ƙarar da aka ji. Ba abin da ke kashe shi sai a toshe mishi numfashi da busasshen yashi. Busasshe ƙarau, ko danshi bai so."

"Mutane sun ce naka ne."

Mushe ya girgiza gwangwanin, ya yi ƙaras-ƙaras. "Duk abin da na mallaka bai cika cokali ba. Wanda ya cinye maƙera sai ya kai nauyin ɗan akuya."

"Ina ake samun mai yawa haka?"

"A ƙasar nan? Injin motar nan mai kama da kunkuru, mai inji a baya. Kwandon injinta da shi aka yi. In an farfasa shi, baƙin mai ya rufe, ko gwanin zubi sai ya ɗauka dalma ce. Ƴan gareji ne suka san shi, su kan ware shi gefe."

Labo ya ƙulle bakin rawaninsa. Ya ji wata gajiya ta sauko masa daga kafaɗu zuwa gwiwa, irin wadda takan zo masa idan sawu ya fara karkata zuwa gidan da ya sani.

*

Sanin ƙarfe ba laifi ba ne. Mutum na iya kuskure wajen tsince-tsince, ya gane wutar da ta tashi, ya ruga ya nemo yashi. Labo ya so ƙwarai abin ya tsaya a nan. Washegari da hantsi ya koma maƙera ya sake duban yashin.

Ƙasar zubi ta Mudi tana nan a kusurwa, baƙa, mai danshi, haɗe da yumɓu. Wanda aka kashe wutar da shi fari ne mai tsakuwa, irin na gulbi. Kuma daga kasuwa zuwa gulbi, mai lafiyar ƙafa ma sai ya yi tafiyar da za a dafa shayi a sauke.

A bayan tarin gawayi ya ga da'ira biyu a ƙasa, inda aka ajiye daro biyu masu nauyi. Daga nan ya kama sawun: tsohon takalmin gareji, ƙafar hagu a buɗe waje. Ya bi shi ta ƴar hanyar da ta ratsa gonakin geron da aka girbe. Zuwa biyu, dawowa biyu. A tafiya sawun sama-sama, a dawowa ya nutse da nauyi. Babu gudu ko kaɗan. Taku ne na mutum mai lokaci.

A inda hanyar ta gangara gulbi Labo ya tsaya. Tayar mota ta ratsa wurin, sabon zane mai haƙora, ta danne sawun mai nauyi ta bi ta kansa. Mota ɗaya ce ta bi wannan hanyar a makon nan kaf, kuma duk garin ya ji ta: motar ƴan siyasa mai lasifika, da ta wuce ƙauyukan gabas shekaranjiya da hantsi tana kiɗa.

Wuta ta tashi da azahar. Yashin kashe ta ya iso tun kafin hantsi.

Labo ya zauna a bakin gulbi. Ya tuna Jibo yana yaro, yana bin ubansa da buhun gawayi a ka. Ya daɗe a zaune, har inuwar gawon da ke kansa ta matsa ta bar shi a rana.

*

Da la'asar ƙofar mai gari ta cika. Samari sun zo da sanduna, wasu da hulunan jam'iyya. An zaunar da Chindo a tsakiya. Mushe Hafizu na gefe da gwangwaninsa, Batulu na bayan mata, an kawo Mudi a amalanke saboda ya ce sai ya ji da kunnensa. Jibo na tsaye kusa da kan Mudi.

"Labo, mun ba ka kwana biyu," in ji mai gari. "Mi ƙasa ta ce?"

"Ƙasa ta ce Chindo ya tsaya bayan maƙera, bai shiga ba."

"Tsoho ya ci goro!" wani saurayi ya yi ihu. Aka yi dariya.

"Na ci, ɗana, na ubanka ne ranar sunanka. Zauna." Dariyar ta koma kan saurayin. Labo ya juya. "Jibo, gari na gode maka. Ina ka samo yashi?"

"Gulbi."

"Da ka ga wuta ka ruga gulbi?"

"Awo, haka ne."

"Da wagga ƙafa? Sau biyu? Batulu ta ce tana watsa ruwa kana shigowa."

Jibo ya kawar da kai.

"Motar lasifika ta taka sawunka na dawowa," in ji Labo a hankali. "Duk wanda ya so ya zo in nuna mishi, yana nan bai goge ba. Ka ɗebo maganin wuta tun da safe, wutar ba ta zo ba sai azahar. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya gina kabari kafin a yi rashin lafiya ba, sai in ya san abin da ya zuba a tuwo."

Mudi ya ɗago kai daga amalanke, yana juya naɗaɗɗiyar fuskarsa yana neman inda yayansa yake.

"Yaya?"

Jibo ya sulale ya zauna a ƙasa. "Shekara ashirin ina cikin ƙarfe," ya ce. "Na dawo gidan ubana ina murza keke kamar ɗan koyo. Gaban masu saye yake ce mini, kai tsinto kawai, ba ka san zubi ba. Ranar ma da safe ya faɗa. Na ce bari in nuna mishi akwai ƙarfen da bai sani ba. Na cusa shi cikin ƙarafan da zai narka. Zai kama, ya ruɗe, in zo in kashe gaban kowa, a san wa ya san ƙarfe a gidanmu. Ina bayan gawayi ina jira. Ban san Batulu za ta shigo da tuwo ba. Ban san tulu na bakin ƙofa ba." Ya dubi hannayensa. "Ruwan ne ya..."

"Kada ka ƙarasa," Labo ya katse shi, karo na farko da ya ɗaga murya. "Ta yi abin da kowace mace a garin ga za ta yi. Kai kaɗai ka san wutar ba ta shan ruwa, kai kaɗai ka yi shiru. Kuma ka sake yin shiru kwana biyu ana jifar ƙofar wani."

Samarin suka fara gunaguni, sandunan suka juya wajen Jibo. Mai gari ya miƙe ya ce ba mai taɓa shi, an aika Agye a kira jami'an tsaro na jandarma, can za a yi sauran magana. Mudi ya koma ya kwanta a amalanke. Ya ja ƙyallen ya rufe sauran fuskarsa.

Sai mai gari ya juya ga Chindo da fara'ar wanda aka sauke wa kaya.

"To Chindo, Allah ya wanke ka. Sai a yi haƙuri, ka san halin yara da zafin siyasa. Gobe su gyara maka ƙofa."

"Ai shi ke nan," wani ya ce daga baya. "Dama ba mu ce lalle shi ba ne."

Chindo ya tashi a hankali, ya karkaɗe rigarsa. Ya dubi fuskokin ɗaya bayan ɗaya: wanda ya yi wa tukunyar biki, wanda suke sahu ɗaya a masallaci, wanda suka yi kaciya rana ɗaya. Ba wanda ya iya riƙe idonsa. A bakin taron matarsa Saliha na tsaye kusa da amalanken jaki, an ɗaure tabarmi da uwayen tukwane a kai, don tun safe ta shirya ko da hukunci zai zo da gudu.

Labo ya matso ya kama hannunsa. "Ɗana, sunanka ya fita. Ka zauna."

"Baba, ka yi mini abin da uba ke yi, Allah shi biya ka." Chindo ya riƙe hannun tsohon da nasa biyu. "Amma kai sai da ka je gulbi ka dawo kafin ka wanke ni. Su ko ƙofar gida ba su fita ba suka ce ni baƙo ne. Zaɓe bai ma zo ba tukuna. Wata wutar za ta tashi, kuma ba kullum kake da gwiwar zuwa gulbi ba."



Chindo ya saki hannunsa, ya ɗaga murya yadda na bayan taro ma zai ji.

"Saliha, kada ki sauke komai. Ku riƙe ƙofarku, ba sai kun gyara ba. Garin Gidan Rumji za mu koma, yau ɗin nan."